Shekarar da Inna Ta Taka Laka

Daminar bana ta zo da ruwa fiye da abin da gidajen ƙasa za su iya sha. Tun da marka ta kama ba a raba mu da ƙunshin ƙasa a labo, ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Yamai. Wannan daga ɗakin da ya rufta a wata unguwa, wancan daga katangar makarantar lekwal a wani gari, kowanne a ledarsa. Aikina shi ne in faɗi abin da ke cikin ƙasar. Na daɗe ina yi har hancina ya daina kula da warin komai. Amma ran nan na kwance wata leda da aka aiko daga wajen Filingue, ƙasar da sauran laimarta, sai ƙamshin baƙar lakar tabki ya buge ni. Na tsaya riƙe da ledar har ɗalibar da ke jirana ta tambaye ni ko lafiya. Na ce mata lafiya lau. Ƙamshin shekarar da rumbunanmu suka faɗi ne, lokacin ina yarinya ban fara lekwal ba.

A gida, idan aka tambayi Inna, mahaifiyata, aikin da nake yi, cewa take: "Radiyo ta ka yi ma ƙasa, awa wanda ya karye." Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a gidan likita, wanda ake kira hasken X, da shi muke aiki. Haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa tsoka ya tsaya a ƙashi, shi ya sa inuwar ƙashi take fitowa a hoto. Mu kuwa ba inuwa muke nema ba. Niƙa ƙasa muke yi ta fi garin tuwo laushi, mu shafe ta a ɗan faranti, mu sa a inji mu rufe ƙofarsa mai dalma, domin hasken ba abin wasa ba ne ga jikin mutum. Daga nan mu jira mu ga yadda zai dawo mana.

Ƙauyenmu yana kusa da Tabla, a bakin kwarin dallol, dutsen gabas yana kallonmu daga nesa. Shekarar da nake magana ta biyo bayan fari ne. A shekarar farin an yi shuka, an sake, an kuma sake, rana ta ƙone duka. Da ciyawa ta ƙare a daji aka fara zare zana daga darni ana ba dabbobi, sannan jinkar ɗakuna, sannan rumbunan kara, tun da dai babu abin da ke cikinsu. Shanu suka fara mutuwa, jakuna suka bi baya. Maza suka tafi biɗa ƙasashen gaɓa, garin ya zama na mata da tsofaffi.

Damina ta gaba Allah ya ba da ruwa. Hatsi ya yi har mutane suna tsayawa bakin gona suna kallo. Aka yi girbi aka ɗaure dammuna, sai aka waiga aka ga babu inda za a sa su. Samari kuwa suna gama ɗauri suka sake kama hanya, domin ramin da fari ya bari a kowane gida ya fi ƙarfin kaka guda.

Babana magini ne. Yana saurayi ya yi cin rani a Adar, can ya koyi ginin rumbun ƙasa, mai ciki kamar tulu, wanda ake ɗora wa hular ciyawa. Da ya dawo ya gina wa wansa Baba Garba guda, ya gina wa wasu, duka da jar ƙasa ta gindin dutsen gabas, wadda ake ɗebowa a kan jakuna. Yanzu ga gari yana son rumbuna, ga dammuna jibge a fili gara tana lallaɓowa, kuma babu jaki ko na magani. Abin da ke kusa shi ne tabkin bayan gari, wanda ya janye ya bar baƙar laka. Ina tsaye ranar da Baba ya tsuguna ya ɗebo ta, ya tofa mata yawu ya murza tsakanin yatsu. Ta yi santsi kamar man shanu.

"Ko Adar ban ga laka mai taushi awa wagga ba," in ji shi.

Sauran matsala ɗaya. Taka laka aikin samari ne, mata nasu kawo ruwa. Baba shi kaɗai ba zai taka ya kuma gina ba. Inna ta sauke tulu a bakin ramin kwaɓi ta dube shi.

"In ka tsaya jiran samari, gara ta gama da hatsin ga," ta ce. Ta tattare zane zuwa gwiwa ta shiga.

Gwaggo Tani, yayar Baba, tana wurin. Mace ce da ba a taɓa yin abu a garin ba tare da ta sa masa baki ba.

"Wanga dai ba a taɓa yi nai ba," ta ce.

"Hwari awa na bara ma ba a taɓa yi nai ba," in ji Inna daga cikin laka. Mata suka yi dariya. A lokacin dariya ce.

Haka sanyin shekarar ya wuce mana. Da asuba mata su nufi rijiya, mu yara mu bi su da ƙananan tuluna. A zuba ruwa a rami, a watsa yankakkiyar ciyawa, Inna ta shiga ta yi ta taka har hantsi. Lakar tana da sanyi, tana kama ƙafa, sai ta ja da ƙarfi take fitowa da wani sauti da har yau ina jinsa. Dugaduganta suka tsage, da dare tana shafa musu man kaɗe. A bar kwaɓin ya kwana, washegari mu yi ta curi muna kai wa Baba a ka, shi kuma yana ɗora zagaye bisa zagaye, yana shafewa da tafin hannu, ya bari ya sha iska kafin ya ƙara. Matar gidan da ake yi wa gini ita ke kawo fura. Fura mai kauri ce, ta shekarar da aka samu, muna sha har cikinmu ya cika dam.

Rumbunan sun yi kyau, wannan ba wanda zai musa. Baƙaƙe ne sumul, suna ƙyalli da rana. Ranar kasuwar Filingue mutanen wasu ƙauyuka suna ratsowa don su gani. Aka zuba hatsi aka ɗora musu huluna, kowa ya kwanta da hankalinsa.

Da bazara ta yi ƙarfi, irin zafin da ko kaza sai ta buɗe baki, suka fara tsagewa. Da farko kamar zare, daga baya har yatsana yana shiga. Baba ya yi ta bi yana liƙewa da lakar tabkin. Ruwan farko ya sauka da la'asar, muka fita muna tsalle a cikinsa, da gari ya waye sai ga tsagar duk ta rufe ruf. Mutane suka taru suna shafa bango suna mamaki, wani tsoho yana cewa bai taɓa ganin ginin da ke warkar da kansa ba. Aka yi shuka. Ruwa ya ɗauke na ɗan lokaci, tsagar ta dawo ta fi da faɗi. Ya dawo ta rufe. Ba wanda ya damu sosai, hankali yana gona.

Sai marka ta zo. Sama ta rufe, ruwa ba mai ƙarfi ba, yana dai zuba ba ya gajiya, kayan sawa ba sa bushewa, itacen girki yana hayaƙi ba wuta. Bangon rumbu ya yi nauyi ya fara gumi, in ka danna yatsa ya lotsa. Namu ya faɗi bayan azahar, muna zaune a ɗaki. Ba ƙara mai yawa ya yi ba, kamar dai saniya ta zube. Kafin a yi kwanaki duk waɗanda aka gina a shekarar sun kwanta, wasu gaba ɗaya, wasu ciki ya fashe. Tsofaffin rumbunan jar ƙasa suna tsaye abinsu.

Hatsi ya jiƙe cikin laka. Muka yi ta tono muna wankewa muna shanyawa a tabarmi, babu ranar da za ta busar. Wani ya tsiro, wani ya yi baƙar fumfuna, gida ya cika da wari mai tsami. Abin da ya ciwu aka ci. Daga nan aka koma dusa, aka koma tafasa da yaɗiya, aka koma anza, wadda sai an jiƙa ta ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya ragu, kuma ba ya ƙarewa. Lokacin noma na biyu ne, mazan da suka dawo suna maimai jiri yana ɗibarsu, su dafa ƙotar hauya su huta su ci gaba. Gidajen da ke da tsohon rumbu suna aiko da ɗan ƙoƙo, Baba Garba ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma bakuna sun yi yawa. Abin haushin shi ne gonaki sun yi kore shar, hatsi yana ta girma a gabanmu, ba a kai ga ci ba.

Ƙanwata Mariyama ba a daɗe da yaye ta ba. Zawo ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, ba ta kai tumun farko ba. Ba na iya tuna fuskarta. Nauyinta a bayana nake tunawa, da yadda yake raguwa.

Abu biyu ne suka sauya a ginin shekarar, ƙasar da aka ɗebo da ƙafar da ta taka. Gari ya zaɓi ƙafa. A bakin rijiya maganar ta fara, daga bakin Gwaggo Tani: ita dai ta faɗa tun ranar, mace ta shiga kwaɓin rumbu, me ake jira? Liman ya ce shi bai ga wannan a littafi ba, a bar zancen. Aka ce to, aka ci gaba da yi a hankali. Baba bai ce uffan ba. Bai sake gini ba kuma, ya koma tafiya biɗa kamar kowa har ƙarfinsa ya ƙare, ya rasu ina lise, makarantar sakandare. Har yau idan aka ambace shi a garin cewa ake magini ne na ƙwarai, aka ɓata masa aiki.

Inna ba ta taɓa musu ba. Tun daga shekarar, duk inda ake kwaɓa ƙasar gini, ratsewa take ta bi wata hanya. Da farko aiko mata yaro ake yi a ce ana gini a lungu kaza. Daga baya ba sai an aiko ba. Yaran yanzu ma ba su san dalili ba, sun dai taso sun ga tsohuwar gidanmu ba ta bi ta kusa da kwaɓi. Na yi mata faɗa a kan haka ba sau ɗaya ba, musamman da na fara jin kaina da karatu. Amsarta ɗaya ce: "Ke kin ga abin da ni gani?" Kuma ni na san ba rumbu take nufi ba, Mariyama take nufi. Wannan abu ya daɗe yana cin raina.

To, ranar da ledar nan ta buɗe mini hanci na ga wautata. Shekara da shekaru ina yi wa ƙasar mutane radiyo, ban taɓa yi wa tamu ba. Na ɗauki hutu na shiga motar Filingue. Na tarar ruwa ya kayar da katangar garken awaki, ƙanena Hamidu, wanda aka haifa bayan wancan lokacin, yana shirin gyara. Bayan gida har yanzu akwai ɗan tudu inda rumbunmu ya zube, kaji suna tono a kai. Na haƙa na ciro gutsure mai sauran ciyawa a jiki. Na je gidan marigayi Baba Garba na ɓanɓaro kaɗan daga tsohon rumbun jar ƙasa, wanda ke tsaye har yau, an mai da shi ma'ajiyar harawa. Hamidu yana bina da ido.

"Yaya, Yamai ƙasa ta ƙare maku?" ya ce.

Ga yadda injin yake gane abu. Dutse ne ko gishiri ko laka, ƙwayoyin da suka haɗa shi, waɗanda ko madubin likita ba ya gani, a jere suke layi bisa layi, kuma kowane iri da tazarar layinsa. Hasken X yana tafiya igiya-igiya ne, tsawon igiyar tasa kuma ya yi kusa da wannan tazara, shi ya sa yake iya auna ta, hasken fitila ba ya iyawa. Idan ya faɗa kan garin ƙasar, kowane layi yana mayar da kaɗan. A yawancin kusurwoyi abin da layukan suka mayar kashe juna yake, ba a ganin komai. A wata kusurwa kuwa sai su dace su fito tare da ƙarfi. Wanda ya taɓa bin gefen gonar hatsi ya san irin wannan: kana tafiya ba ka ganin komai sai ganye a cakuɗe, sai ka kai wani wuri ka hangi layin shuka ya miƙe har ƙarshen gona, ka ƙara taku ya ɓace. Injin juyawa yake a hankali, duk inda hasken ya fito da ƙarfi ya zana tsini a fuskar ordinater, wato kwamfuta. Daga kusurwar da tsinin ya fito muke lissafa tazarar layukan, daga tazarar mu san sunan abin.

Ita laka falle-falle ce, kamar tabarmi da aka jibga. Akwai irin da fallayenta a manne suke, ruwa ba ya shiga tsakaninsu. Akwai irin da ruwa yake kutsawa tsakani ya ɗaga su, ta kumbura, rana ta buga ta tsuke. Ido ba ya bambanta su, hannu ma yaudararsa ake yi, domin mai kumburar ta fi daɗin murzawa.

Na auna kowane gutsure a bushe, sannan na kwanar da su cikin tururin wani ruwan magani da ke shiga tsakanin fallaye kamar yadda ruwan sama yake yi, na sake aunawa. Jar ƙasar Baba Garba yashi ce da tsatsar ƙarfe da lakar da muke kira kawolinit, tsininta bai motsa ba. Ta rumbunmu kuwa, babban tsininta ya tashi ya matsa hagu, alamar tazarar ta buɗe. Na gasa ta a tanda na mayar, ya dawo har ya wuce inda ya faro. Simektit ce, mai kumbura, kuma ita ce mafi yawa a cikin gutsuren. Da wannan ƙasa ko ciyawar duniya aka zuba ba ta riƙe rumbu a marka. Na bi zanen daga farko har ƙarshe, ban ga tsinin da ke nuna ko ƙafar wa ta taka ba.

Na koma gida ana gab da girbi, da niyyata a shirye. Zan gaya wa Inna, sannan in je in zauna gaban Gwaggo Tani, wadda ta tsufa ido ya tafi amma baki yana nan, in yi mata bayani dalla-dalla a gaban jikokinta. Na sami Inna a inuwar itacen bedi tana tsince wake. Na nuna mata zanen a salula. Ta ce ya yi kama da dutsen gabas. Na yi mata bayanin tabarmi da ruwan da ke shiga tsakani. Hannunta ya tsaya a cikin faifai.

"Shi ya sa tsagar ta ka ruhewa in an yi ruwa," ta ce.

"Shi ya sa, Inna."

"Ke nan ko samari sunka taka ta..."

"Da ta faɗi. Ko wa ya taka."

Ba ta yi kuka ba, Inna ba mai kuka a gaban 'ya'ya ba ce. Ta dai miƙe ƙafafunta a kan tabarma tana kallonsu. Na ce mata gobe zan je gidan Gwaggo.

"Ki ce mata mi?"

"Abin da na gaya miki. Kowa ya ji."

"Injin naki ya hwaɗi wa ad da laihi?"

"Ba ya faɗin wannan. Ƙasa kawai yake gani."

"To mutane su suna hwaɗi. In kin ɗauke ta ga ƙahwata, bisa wa za ki aza ta? Wa yaɗ ɗebo lakar?" Ta dube ni. Ba ta kiran sunana, ni ce ta fari. "Ke wagga, babanku yam murza ta da hannunai, kina tsaye, ina tsaye. Shi ba shi nan balle shi ce jakkai sun mutu. Suna guda yab bari garin ga, shi ku ka ci har yau. Ni ina nan, kuma na saba da zagaye."

Raina ya ɓaci, na faɗa mata ya ɓaci. Na ce shekara nawa tana ɗauke da abin da ba nata ba. Na ce Mariyama fa?

"Wanga kin kawo mani, na amsa," ta ce a hankali. "Allah shi yi miki albarka. Amma nawa na, ba na gari ba na."

Ta ja faifanta ta ci gaba da tsintar wake.

Da safe Hamidu ya kwaɓa jar ƙasar da ya ɗauko a amalanke daga gindin dutse, a tsakar gida, don ya ƙarasa katangar awaki. Ba kowa sai mu uku. Inna ta fito da buta za ta bayan gida. Ta kai bakin kwaɓin ta tsaya. Ta zare takalmanta ta ajiye gefe, ta tattare zane, ta shiga ta tsakiya. A hankali ta bi, tana ɗaga ƙafa tana saukewa, har ta fita ɗaya gefen. Hamidu ya saki baki da shebur a hannu. Ta wanke ƙafafunta da ruwan butar, ta ce masa ciyawar ta yi kaɗan, ya ƙara.

Da la'asar muka fita gaishe da Gwaggo Tani, gaisuwa kawai. A ƙofar gidan maƙwabta ana kwaɓa ƙasa, maza suna tsaye. Inna ta ratse ta bi ta bayan darni, ni ma na bi bayanta.